Dutsen Zagami Ma Shaida Ne: Martani Ga Mai Cewa Tarihin Duwatsun Mars Shaci-Faɗi Ne

Na karanta wata maƙala kwanan baya a kan abin da masana ke faɗi game da duwatsu masu aman wuta da ke sauran duniyoyi, musamman manyan kwarurukan da ke bisa kawunansu, waɗanda ake kira kaldera. Marubucin mutum ne mai alƙalami, kuma da gani ya yi karatu kafin ya zauna rubutu. Hukuncin da ya yanke shi ne, wannan fanni shaci-faɗi ne da aka sa wa rigar ilimi. Ya ce ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa sa ƙafa a Mars ko Venus, abin da ke hannu hotuna ne da aka ɗauko daga nesa, kuma rami a hoto rami ne kawai, ba yadda za a yi a bambance wanda dutse ya rufta ya bari da wanda wani dutsen ya faɗo daga sama ya haƙa. Ya tuna mana cewa masana sun daɗe suna cewa ramukan Wata na aman wuta ne, daga baya ta bayyana ba haka ba ne. Ya yi tambaya: wa ya ƙirga shekaru miliyan ɗari ko biliyan uku da ake liƙa wa waɗannan duwatsu? Ya ƙara da cewa duniyoyin nan matattu ne, ba wanda ya taɓa ganin dutse ya yi amai a cikinsu, gani kuwa ya kori ji. A ƙarshe ya shawarci ɗalibanmu su bar wannan karatu ga masu hannu da shuni, su kama abin da zai amfane su.

Akwai gaskiya a wani sashe na maganarsa, kuma ba zan ɓoye ta ba. Masana sun yi kuskure a kan Wata. Shekarun da ake bai wa duwatsun Mars ƙiyasi ne, akwai rata mai faɗi tsakanin ƙasansa da samansa. Amma daga nan zuwa cewa duka tatsuniya ce akwai tafiya mai nisa, kuma Malam ya yi tafiyar ne ba tare da ya tsaya ya dubi yadda aka san abin da aka sani ba. Abin da ya fi damuna shi ne shawarar da ya rufe da ita. Yaron da ya karanta maƙalar nan zai tashi da tunanin cewa duk abin da hannu bai taɓa ba, hankali ba ya iya kai masa.

Mu fara da ramin kansa. A ƙarƙashin dutse mai aman wuta akwai rumbu na narkakken dutse. Idan rumbun ya zube, ko ta sama ko ta wata tsaga a gefe, sai kan dutsen ya rasa abin da ke tallafe da shi, ya faɗa ciki. Kamar soro ne da gara ta cinye azararsa: rufin ciki yake ruftawa, ba ka zuwa ka tarar da ɓaraguzansa a bayan gida. Wannan ba zato ba ne, an gan shi da ido. A shekarar 2018, a tsibirin Hawai, narkakken dutse ya ɓalle daga ƙarƙashin dutsen Kilauea ya bi ta cikin ƙasa, ya ɓullo a unguwannin jama'a kimanin kilomita 40 daga kan dutsen, ya cinye gidaje sama da 700. A daidai wannan lokaci, daga watan Mayu zuwa Agusta, kan dutsen ya riƙa nutsewa mataki-mataki, sau 62, kowane mataki da girgizar ƙasarsa, har wani sashe ya yi ƙasa da mita 500. Na'urori na wurin, kyamarori na ɗauka. An ga yadda bango ke tsagewa a kewaye, yadda ƙasan kwarin ke sauka a shimfiɗe, yadda gefuna ke zaftarewa su bar baki mai lanƙwashe-lanƙwashe.

Dutsen da ya faɗo daga sama aikinsa dabam ne. Yana zuwa da gudun kilomita goma sha wani abu ko fiye a daƙiƙa guda, ya fashe, ya tono ƙasa ya watsa ta waje. Shi ya sa bakin raminsa ke tasowa sama da filin da ke kewaye, ɓaraguzai su bazu ta kowace fuska, manyan gutsattsari su je can nesa su haƙa nasu ƙananan ramukan, idan kuma ramin babba ne sai tsakiyarsa ta turo tsauni. Ba ya zaɓen inda zai sauka, ko fili ko kwari ko gangare. Ba sai an je Mars ba kafin a ga bambancin nan. A arewacin Chadi, cikin tsaunukan Tibesti, akwai Emi Kusi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Sahara, sama da mita 3,400. A bisa kansa akwai kaldera mai faɗin kilomita goma sha wani abu, wani kwari cikin wani, ƙasan mafi zurfinsu fari fat da kanwa. Kudu maso gabas da shi, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai, akwai Awrunga, zobe cikin zobe a tsakiyar hamada, inda dutsen sama ya taɓa faɗowa. Hoto guda da aka ɗauka daga sararin samaniya yana iya haɗa su, kuma ba sa kama da juna. An je duka biyun da ƙafa, an ɗebo duwatsu, abin da ke ƙasa ya gaskata abin da hoto ya nuna. Tun 1977 wani masani, Michael Malin, ya kwatanta duwatsun Tibesti da na yankin Elysium a Mars. To, idan ƙa'idar ta yi aiki a Chadi inda za a iya zuwa a duba, me zai sa ta zama shaci-faɗi da zarar an juya kyamara zuwa Mars?

Kuma masanan ba su je Mars suna neman duwatsun wuta don su cika labarin da suka riga suka tsara ba. Kumbon Mariner 4 a 1965, da na 6 da na 7 a 1969, sun wuce ta gefen Mars sun turo hotunan ƙasa mai cike da ramukan faɗuwa, har da yawa suka ɗauka Mars wani Wata ne kawai. Da Mariner 9 ya isa a Nuwamban 1971, ya tarar da guguwar ƙura ta lulluɓe duniyar gaba ɗaya, kusan ba abin da ake gani sai ɗigo huɗu da suka leƙo sama da ƙurar. Da ƙura ta fara lafawa, sai ga kowane ɗigo ƙololuwar dutse ce, kowace da kwari a bisa kanta. Su ne Olympus Mons da 'yan ukun nan da ke jere a tudun Tharsis: Arsia, Pavonis da Ascraeus. Duwatsu huɗu mafiya tsawo, kowanne da rami a daidai tsakiyar kansa. Malam yana so mu yarda cewa duwatsun sama ne suka auna ƙololuwa huɗu suka faɗa musu ɗaya bayan ɗaya?

Bari mu hau kan Olympus mu tsaya, don a nan ne maganar "rami rami ne" ke rushewa. Tsawon dutsen ya kai kilomita 21 da wani abu, faɗin gindinsa kimanin kilomita 600. Ba da ido aka kintaci wannan ba. Kumbon Mars Global Surveyor ya harba hasken leza zuwa ƙasan Mars sama da sau miliyan 600 yana auna tudu da kwari. A bisa kan dutsen akwai kwaruruka shida da suka ci cikin juna, faɗinsu a haɗe kimanin kilomita 60 a 80, zurfin wani ya haura kilomita 3. Bangayensu a miƙe suke, ƙasansu a shimfiɗe, kowanne a matakinsa, wani sama da wani. Ba tudun ɓaraguzai a bakinsu, ba abin da aka watso waje. Daga bakin kuma ga sawun narkakken dutse ya gangara ta kowace fuska, kwarara bisa kwarara. Sannan a nan kusa, a kan wannan dutse dai, akwai ramuka biyu, Karzok mai faɗin kilomita 15 da ɗoriya, da Pangboche mai kilomita 10 da ɗoriya. Su kuwa zagayayyu ne, bakinsu a tashe, da ɓaraguzansu a kewaye. Ga na rufta, ga na faɗuwa, a hoto ɗaya, ƙarƙashin rana ɗaya. Hotunan nan a buɗe suke ga kowa a intanet, kyauta, kuma kyamarar HiRISE da ke zagaya Mars tun 2006 tana nuna abin da bai wuce mita 1 ba.

Tarihin ma daga nan ake karanta shi. Idan bangon wani kwari ya yanke ƙasan wani, wanda ya yi yankan shi ne na baya. Da wannan ƙa'ida kaɗai ana jera kwarurukan shida daga na fari zuwa na ƙarshe. Mafi girma shi ne mafi tsufa. A gefen ƙasansa akwai tsagogi da suka bi kewaye, inda ƙasa ta miƙe ta dare, a wajen tsakiya kuma akwai tamoji, inda ta matse, abin da ke nuna ƙasan ta ci gaba da lotsawa bayan ta daskare, rumbun da ke ƙasa yana ƙara zubewa. Wato dutsen ya cika, ya zube, ya rufta, ya huta, ya sake cika, aƙalla sau shida. Girman ma yana da dalili. Ɓawon duniyarmu falle-falle ne masu tafiya, shi ya sa wutar da ke ƙarƙashin Hawai ta haifi jerin tsibirai, kowanne ya samu rabonsa ya matsa gaba. Ɓawon Mars guda ne, ba ya motsi, ga shi ƙarfin janyowarta bai kai kashi 40 cikin 100 na namu ba, saboda haka amai ya yi ta taruwa a wuri ɗaya. Kalderar Mauna Loa, babban dutsen Hawai, kimanin kilomita 3 a 5 ce. Ta Arsia ta haura kilomita 100.

Sai maganar Wata, wadda ita ce mafi ƙarfi a hujjojin Malam. Zan ma ƙara masa abin da bai kawo ba. A Afrilun 1972 aka tura kumbon Apollo 16 tuddan Descartes saboda masana sun karanta hotuna sun ce za a samu duwatsun aman wuta a can. John Young da Charles Duke suka sauka, suka duba, kusan duk dutsen da suka ɗaga farfasasshe ne da karo ya niƙa ya sake mannewa. An yi kuskure, kuma daga hoto aka yi shi. Amma wa ya tona kuskuren? Wane ne ya kawo ƙarshen tsohuwar maganar cewa ramukan Wata na wuta ne? Tun 1893 Grove Karl Gilbert ya ce faɗuwa ce ta haƙa su. A 1949 Ralph Baldwin ya auna zurfi da faɗin ramukan da bama-bamai suka haƙa, ya nuna na Wata suna bin layi ɗaya da su. A 1960 Eugene Shoemaker da Edward Chao suka samu wani ma'adini mai suna kowesit a babban ramin nan na Arizona, ma'adinin da ba ya samuwa a saman ƙasa sai an matse dutsen yashi da ƙarfin da ya wuce na kowane aman wuta. Shekara guda bayan haka suka same shi a kwarin Ries na Jamus, wanda aka daɗe ana ɗauka na wuta ne. Alamomin da na zayyana a sama, na bambance rufta da faɗuwa, daga wannan doguwar gardama aka tace su. Malam ya ɗauki gyaran da fannin ya yi wa kansa ya mai da shi hujjar cewa fannin ba ya iya sanin komai. Kuma ya manta ɗaya ɓangaren: baƙaƙen filayen Wata, waɗanda aka ce daga hoto narkakken dutse ne ya malale su, da aka kawo samfurinsu an tarar haka ɗin ne.

Har yau gyaran bai tsaya ba, wani lokaci ma ta ɗaya fuskar yake zuwa. A yankin Arabia Terra na Mars akwai wani kwari, Eden Patera, da aka daɗe ana lissafa shi cikin tsofaffin ramukan faɗuwa. A 2013 Joseph Michalski da Jacob Bleacher suka ce a sake dubawa: ba shi da tasasshen baki, ba ɓaraguzai, ga alamun nutsewa mataki-mataki, saboda haka suna ganin kaldera ce ta wani irin dutse da ya fashe da toka tun farkon tarihin Mars. Wasu masanan ba su gamsu ba. A 2021 wata tawaga ta ba da rahoton shimfiɗun toka masu kauri a yankin. Ana nan ana ja, kuma kowane ɓangare ya faɗi abin da zai sa ya janye idan aka same shi. Mai shaci-faɗi ba ya gaya maka yadda za ka kama shi.

Yanzu shekaru. Wa ya ƙirga? Ramukan faɗuwa ake ƙirgawa. Duwatsun sama suna faɗa wa kowace duniya a kai a kai, saboda haka filin da ya daɗe a buɗe ya fi tara ramuka, wanda narkakken dutse ya shafe daga baya kuma ya fi ƙarancinsu. Wannan yana ba da jeri, wane ya girmi wane. Mai da jerin zuwa shekaru kuwa sai da aka samu ma'auni, kuma Wata ne ya ba da shi. A 1965, kafin kowa ya je, William Hartmann ya ƙirga ramuka ya ce baƙaƙen filayen Wata za su kai shekara biliyan 3.6. A 1969 Apollo 11 ya kawo duwatsu daga ɗayansu, aka auna sinadaran da ke rikiɗa a hankali a cikinsu, irin yadda yuraniyam ke komawa dalma, aka samu tsakanin biliyan 3.6 da 3.9. Tafiye-tafiyen Apollo shida sun kawo kilo 382 daga wurare daban-daban, kowane wuri an san yawan ramukansa, an san shekarun dutsensa. A Disambar 2020 kumbon Chang'e 5 na ƙasar Sin ya ɗebo daga wani fili mai ƙarancin ramuka, inda ƙiyasin masana ya watsu tsakanin biliyan 1 da wani abu zuwa biliyan 3. Samfurin ya ce biliyan 2, aka ƙara ɗaure ma'aunin da shi.

Kai ma'aunin Wata zuwa Mars yana buƙatar gyara, don Mars ta fi kusa da tarin duwatsun da ke yawo tsakaninta da Jupiter, a nan ne kuma ratar ke shigowa. Tawagar Gerhard Neukum, da hotunan kumbon Mars Express na Turai, ta ba ƙasan kwarurukan Olympus shekara miliyan 100 zuwa 200 a 2004. Wani ƙirge na baya ya kai wasu daga cikinsu sama da miliyan 300. Sun saɓa, ba musu. Amma a duniyar da ta shekara biliyan 4.5, kuma tsofaffin duwatsunta na kudu kamar Tyrrhenus da Hadriacus suka haura biliyan 3.5, duka ƙirgen biyu magana ɗaya suke yi: Olympus ya ci gaba da aiki har kusan ƙarshen tarihin Mars. An kuma gwada hanyar a can ɗin. Motar Curiosity ta huda wani dutse a kwarin Gale ta auna shekarun ma'adinansa a wurin, ta samu kimanin biliyan 4.2, da ratar miliyan 350 sama ko ƙasa, abin da bai saɓa wa ƙirgen ramukan yankin ba.

Malam ya ce ba wanda ya taɓa dutsen Mars da hannu. A nan ne na fi jin ciwon maƙalar, domin shaidar a ƙasarmu ta sauka. Ranar 3 ga Oktoban 1962, a kusa da dutsen Zagami cikin lardin Katsina, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa sai ya ji ƙara mai tsanani, wani abu ya daki ƙasa 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye, ya nutse a rami. Da aka tono shi, dutse ne mai nauyin kilo 18. Shekaru masu yawa shi ne guda mafi girma da aka sani daga Mars a duk duniya. Da aka yanka shi aka duba, baƙin dutsen aman wuta ne, narkakke ne ya daskare. Da aka auna shekarunsa, kimanin miliyan 180. Wannan adadi ya rikita masana, domin kusan duk duwatsun da ke faɗowa daga sama sun haura shekara biliyan 4. Ƙaramin dutse mai yawo a sarari ya daɗe da hucewa, sai babbar duniya ce za ta iya riƙe zafi har ta yi amai a kwanan nan haka. Wace duniya ce? Kumbunan Viking da suka sauka a Mars a 1976 sun auna iskar can. A 1983 aka samu iskar da ta maƙale a cikin wani ɗan'uwan wannan dutse da aka tsinta a Antatika, ta zo daidai da awon Viking. A 1995 aka samu irinta a cikin na Zagami kansa.

Ba ina cewa daga kan Olympus dutsen Zagami ya taso ba ne. Abin da ya tabbatar ya fi wannan muhimmanci. Masu ƙirga ramuka daga hoto sun ce Mars tana aman wuta shekara miliyan ɗari da wani abu da suka wuce. Masu auna sinadarai a ɗakin gwaji, da wata hanya dabam wadda ba ta dogara da hoto ko kaɗan ba, sun riƙe dutsen Mars a hannu sun ce narkakke ne shekara miliyan 180 da suka wuce. Hanyoyi biyu dabam-dabam sun kai wuri ɗaya. Wane irin shaci-faɗi ne ke yin haka?

Saura maganar cewa duniyoyin matattu ne, ba a taɓa gani ba. An gani. Ranar 2 ga Maris 1979, Stanton Peale da abokan aikinsa biyu suka buga lissafi a kan Io, ɗaya daga cikin watannin Jupiter. Suka ce da yake Io yana matsowa kusa da Jupiter yana ja da baya a kowane zagaye, saboda jan da 'yan'uwansa watanni Europa da Ganymede ke yi masa, to ana matse shi ana sakinsa ba hutu, kuma wannan zai narkar da cikinsa, don haka a sa ran aman wuta. Kwana 3 bayan haka kumbon Voyager 1 ya wuce ta gefensa. Ranar 9 ga wata, wata injiniya mai suna Linda Morabito tana duba wani hoto don daidaita hanyar kumbon, ta ƙara masa haske don taurari su fito, sai ga wani gajimare ya tashi daga gefen Io kusan kilomita 300. An faɗa kafin a gani, aka kuma gani. A yau an san wuraren amai kimanin 400 a jikin Io, kuma ba a samu ramin faɗuwa ko ɗaya a kansa ba, don sabon amai yana shafe su. Mafi girman kwarurukansa, Loki Patera, faɗinsa kilomita 200 ne, tafki ne na narkakken dutse da tsibiri a tsakiya. Shekaru da dama ana kallon zafinsa daga nan duniya yana tashi yana sauka. A Maris ɗin 2015, lokacin da Europa ya gitta ta gabansa yana rufe shi kaɗan-kaɗan, wata babbar na'urar hangen nesa a Arizona ta auna zafin tafkin sashe-sashe, aka ga yadda daskararren samansa ke nutsewa sabo yana maye gurbinsa. Kumbon Juno ya wuce kilomita 1,500 daga Io a Disambar 2023 da Fabrairun 2024, ya sake ɗauko shi.

Venus, tauraruwar nan mai haske ta asuba da almuru, gajimare ya rufe ta ruf, amma kumbon Magellan ya leƙa ta da na'urar rada daga 1990 zuwa 1994, ya zana kashi 98 cikin 100 na ƙasarta. Akwai kaldera irin Sacajawea mai tsawon sama da kilomita 200. Ramukan faɗuwa a duk duniyar ba su wuce dubu ɗaya ba, alamar narkakken dutse ya sabunta fuskarta cikin 'yan ɗaruruwan miliyoyin shekaru. Kumbunan Venera 13 da 14 na Tarayyar Sobiyet sun sauka a 1982 cikin zafin da ya haura digiri 450, sun huda ƙasa, sun tarar da baƙin dutsen aman wuta. A 2023 Robert Herrick da Scott Hensley suka koma kan tsofaffin hotunan Magellan, suka ga wani baki a jikin dutsen Maat Mons wanda a Fabrairun 1991 faɗinsa murabba'in kilomita 2.2 ne, zagayayye mai zurfi, a Oktoban shekarar kuma ya kusa ninkawa, ya sauya siffa, ya cika kusan zuwa baki. Ita ma Mars ba ta yi shiru ba. Na'urar InSight, daga 2018 zuwa 2022, ta ji girgizar ƙasa sama da 1,300, da yawa daga cikin manyansu daga tsagogin Cerberus Fossae, a yankin da ke da wasu daga cikin sababbin kwararar narkakken dutse a duk duniyar.

Matsayina shi ne, tarihin kalderar sauran duniyoyi ilimi ne da aka gina bisa awo, aka jarraba shi da samfuri, aka gyara shi inda ya karkace, kuma masu yin sa suna faɗin iyakar abin da suka tabbatar. Ɗalibinmu yana da haƙƙi a kansa kamar kowa. Ba ma baƙon abu ba ne a gare mu. Duwatsun Jos da na Ningi da na Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza, masana ƙasa sun nuna saiwoyin tsofaffin duwatsun wuta ne da kawunansu suka rufta, tsakanin shekara miliyan 140 da 210 da suka wuce, wato wasunsu suna aiki a zamanin da dutsen Zagami ke daskarewa a Mars. Ruwa da iska sun cinye samansu, suka bar mana gindin a zobe-zobe. A Mars, inda ba damina, saman ne ya saura, gindin yana ɓoye. Wanda ke son ya fahimci yadda irin wannan dutse ke aiki daga ƙasa har sama yana buƙatar ɓangarorin biyu, kuma ɗaya yana nan a jihohin Filato da Bauchi da Kano.

Duwatsun sama kuma ba su daina sauka a yankinmu ba. A Nuwamban 2023 aka tsinci wani dutsen Mars a hamadar jihar Agadas ta Nijar, mai nauyin kusan kilo 25, ɗan gidan su na Zagami ne, ya kuma zarce duk wanda aka taɓa samu girma. Ƙwararrun waje ne suka gwada shi suka tabbatar da asalinsa, da irin ilimin da Malam ke cewa ɗalibanmu su bar wa wasu. A Yulin 2025 aka yi gwanjonsa a birnin Niyok a kan sama da dala miliyan 5, gwamnatin Nijar kuma ta buɗe bincike a kan yadda aka yi ya fita daga ƙasar.